Kwana a Gadon Lilo da Girki a Bakin Wuta Cikin Daji: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da 'yan uwa da abokai suka ji cewa nakan ɗauki jaka in shiga dazukan tsaunukan jihar Virginia ta Amurka, in kwana a rataye tsakanin itatuwa biyu, tambayoyi ba su yanke mini ba. Wasu mamaki ne ke sa su tambaya, wasu tsoro, wasu kuma, musamman ɗalibanmu da ma'aikatanmu da ke zaune a ƙasar, so suke su gwada. Na tattara tambayoyin da aka fi maimaitawa, na amsa su gwargwadon abin da na sani da abin da na gani da idona.

Mene ne gadon lilo, kuma daga ina ya samo asali?

Gadon lilo wani dogon ƙyalle ne ko raga da ake tattare bakinsa biyu, a ɗaure kowane baki a jikin itace, mutum ya kwanta a ciki jikinsa bai taɓa ƙasa ba. Mutanen tsibiran Karibiyan da na Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne suka daɗe da shi. Christopher Columbus ya iske mutane suna kwana a cikinsa a 1492, kuma sunan da Turawa ke kiransa da shi daga kalmar "hamaka" ta al'ummar Taino aka samo shi. Daga baya ma'aikatan jiragen ruwan Turai suka rungume shi, saboda ba ya cin wuri kuma yana bin tangaɗin jirgi. Har gobe a yankin Yucatan na Meziko da arewacin Brazil akwai gidaje da yawa da shi ne gadonsu na kullum. Wanda masu shiga daji ke ɗauka yanzu da yadin nailan ake ɗinka shi, tsawonsa kamar mita 3 ko fiye kaɗan, kuma idan aka naɗe shi bai fi ƙullin tuwo babba ba.

Me ya sa mutum zai bar tanti ya zaɓi wannan?

Tanti yana buƙatar fili shimfiɗaɗɗe, busasshe, marar duwatsu da saiwoyi, irin wannan fili kuwa yana da wuyar samu a kan tsaunukan Appalachia da suka ratsa Virginia, inda ƙasa gangara ce kuma dutse ya fi turɓaya yawa. Itatuwa kuwa ba su ƙidayuwa. Mai gadon lilo yana iya kwana a kan gangara ko bisa ƙasa mai danshi, tururuwa da ruwan da ke malala ba su dame shi ba. Amma ba zan ɓoye aibinsa ba: mutum ɗaya yake ɗauka, ya fi tanti sanyi, kuma ba shi da sirrin da mai iyali yake so wajen sauya tufafi. Wanda zai tafi da ƙananan yara, tanti ya fi masa.

A ina aka yarda mutum ya kwana ya kuma hura wuta?

Wannan tambaya ce da ake amsawa tun ana gida. Dazukan gwamnati a Amurka ba doka ɗaya ke tafiyar da su ba. A gandun Shenandoah, wanda aka kafa a 1935, sai da takardar izini ake kwana a cikin daji nesa da sansanonin da aka gina, kuma a can ciki an hana hura wuta sai a murhun da hukuma ta gina a wasu rumfunan matafiya. A dazukan ƙasa na George Washington da Jefferson da ke maƙwabtaka da shi kuwa, an yarda a kwana a mafi yawan wurare, an kuma yarda da wuta muddin ba a sanar da hani ba saboda fari. Jihar Virginia tana da wata doka da baƙo ke yawan mantawa: daga 15 ga Fabrairu zuwa 30 ga Afrilu ba a hura wuta a fili kusa da daji kafin ƙarfe 4 na yamma. Abin da ya fi shi ne mutum ya kira ofishin masu kula da dajin a ranar tafiya, ya tambaya ko akwai hani. Ya kuma gaya wa wani a gida inda zai kwana da lokacin da zai dawo, domin a cikin kwazazzabai da yawa waya ba ta samun layi.

Yaya ake zaɓen itatuwan da za a ɗaura?

A nan ne nake roƙon mai karatu ya natsu, domin kuskuren zaɓen itace shi ne wanda ke iya kai wa ga rasa rai. Ana neman itatuwa biyu rayayyu, masu kaurin da bai gaza na cinyar babban mutum ba, tsakaninsu taku 5 zuwa 6, wato mita 4 zuwa 5. Kafin ka taɓa igiya, ka ɗaga kai ka dubi sama da kyau. Busasshen reshen da ya karye ya maƙale a cikin 'yan uwansa yana iya shekara a wurin, iskar dare ɗaya ta sako shi, shi ya sa masu aikin daji a Amurka ke yi masa laƙabi da mai mayar da mata zawarawa. Ka duba itacen da za ka ɗaura a kansa, ka duba na kusa da shi, har da wanda ya karkato daga nesa.

A dazukan gabashin Amurka wannan dubawa ta ƙara zama dole, saboda wasu ƙwari da suka shigo daga Asiya sun kashe itatuwa masu ɗimbin yawa da har yanzu suke tsaye. Ɗaya daga cikinsu, wani koren buzuzu da aka fara ganowa a jihar Michigan a 2002, yana cin ƙarƙashin ɓawon itace har ya bushe a tsaye. Itacen da ɓawonsa ke ɓamɓarewa, ko wanda ba shi da ganye a lokacin da maƙwabtansa suke kore shar, ko wanda ka buga ka ji yana amsawa kamar ganga, ka bar shi ko da tazararsa ta yi maka daidai. Sannan ka dubi gindin itacen da jikinsa, domin akwai wani tsiro mai yaɗo da ganyensa ke fitowa uku-uku, wanda mansa ke sa fata ƙaiƙayi da ƙuraje na makonni. Ba a taɓa shi, ba a kuma jefa shi wuta, domin hayaƙinsa yana cutar da huhu.

Yaya ake ɗaura shi?

Ba a ɗaura siririyar igiya kai tsaye a jikin itace, domin nauyin mutum yana sa ta yanke ɓawo ta raunata ɓangaren da ke kai wa itacen abinci. Ɗamara mai faɗi ake amfani da ita, wadda faɗinta bai gaza santimita 2.5 ba. Ana zagaya ta a daidai tsayin kai, a bar gadon ya yi lanƙwasa kamar jinjirin wata, ta yadda idan ka zauna a tsakiya ƙafarka za ta taɓa ƙasa kamar kana kan kujera.

Sabon shiga yakan ja gadon ya miƙe tsam, yana zaton ta haka zai kwanta a miƙe. Lissafi bai goyi bayansa ba. Idan ɗamara ta sauko daga itace da karkatar digiri 30, kowane ɓangare yana ɗaukar nauyi daidai da na mai kwanciya. Idan aka ja ta har karkatar ta koma digiri 10, nauyin da ke kan kowane ɓangare ya kusa ninkawa uku, a digiri 5 kuwa ya haura ninki biyar. Ke nan mutum mai kilo 80 yana iya ɗora wa ɗamara da itace fiye da kilo 400 ba tare da ya sani ba. Don auna digiri 30 ba a buƙatar na'ura: miƙa manuniya a kwance, ka ɗaga babban yatsa tsaye, layin da ya haɗa kawunan yatsun biyu shi ne kusan karkatar da ake nema.

Ba ya jawo ciwon baya?

Yana jawowa idan aka kwanta a miƙe daga itace zuwa itace, jiki ya lanƙwashe. A karkace ake kwanciya, kai ya ɗan koma hagu da tsakiya, ƙafafu su koma dama, sai ƙyallen ya baje, baya ya miƙe. Ɗaga ɓangaren ƙafa ya ɗara na kai da kamar taƙi ɗaya yana hana mutum zamewa cikin dare. Mai tsohon ciwon baya ya fara gwadawa da barcin rana a kusa da gida.

To, batun sanyi fa?

Shi ne abin da ya fi korar mutane daga gadon lilo bayan daren farko. A ƙasa, katifa ko tabarma tana tare maka sanyi, a lilo kuwa iska ce ke ratsawa ta ƙarƙashinka dare farai. Jakar barci ba ta isa, domin ɗumin bargo daga iskar da ke maƙale a cikin audugarsa yake, nauyin jiki kuwa yana danne ɓangaren da ke ƙarƙashi ya koma tamkar falle ɗaya. Da zarar ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 20 na Selsiyas ko kusa da haka, baya zai fara ji.

Ni kaina a daren farko na koyi wannan, a wani watan Oktoba. Na tafi da jakar barci mai kauri, na kwanta bayan isha'i jikina da ɗumin wuta. Wajen ƙarfe 2 na dare na farka, ƙirjina yana gumi, kafaɗuna da ƙuguna kuwa kamar an ɗora su a kan ƙanƙara. Na cire rigar sanyi na shimfiɗa a ƙarƙashina, na zazzage jakar goyo na cusa ƙafafuna a ciki, a haka na jira asuba ina ƙirga kukan mujiya. Maganin abin shi ne bargo na biyu da ake ratayawa a ƙarƙashin gadon daga waje, ya manne da shi ba tare da an danne shi ba. Wanda bai da shi ya sa siririyar katifar soso a ciki, ko da yake takan zame. Hular sanyi da busasshiyar safa da aka keɓe don barci kaɗai suna taimakawa ƙwarai.

Idan aka yi ruwa fa?

Ana ɗaura tamfol a sama da gadon, a kan wata igiya dabam tsakanin itatuwan nan biyu, a ja gefunansa ƙasa da turaku, kuma tsawonsa ya zarce gadon ta kowane ɓangare. Ruwan da ya fi jiƙa mutane shi ne wanda ke bin ɗamara ya gangaro. Ɗan guntun zare da aka ƙulla a jikin ɗamarar, a ƙarƙashin inuwar tamfol, yana karkatar da shi ya ɗiga ƙasa. Idan hasashen yanayi ya nuna tsawa da iska mai ƙarfi, a ɗage tafiyar.

Da wane lokaci ya kamata a isa masauki?

Da la'asar, a ƙalla awa 2 kafin faɗuwar rana. A ganina mafi yawan wahalar da mutane ke sha a daji daga isowa a makare take farawa. Wanda ya iso da duhu ba zai ga busasshen reshen da ke saman kansa ba, zai tsinci itace da tocila ya haɗo da ɗanye, yunwa kuma ta sa ya ɗora nama a kan harshen wuta ya ƙone waje ciki da jini. A cikin daji mai duhuwa, musamman a kwazazzabo, haske yana gushewa tun kafin lokacin magariba da ke rubuce a jadawali. Tsarin da nake bi shi ne in fara da tamfol da gado, in ɗebo ruwa, in tara itace, in nemi reshen da zan rataye abinci, sai a ƙarshe in ƙyasta ashana.

Yaya ake hura wutar da ba za ta zama masifa ba?

Idan akwai tsohon murhu a wurin, a yi amfani da shi, kada a ƙona sabon wuri. A share ganye da ciyawa a kewayensa har a ga turɓaya, a tabbatar babu reshe a sama, a kuma nisanta shi da gadon da taku 6 ko fiye, ta ɓangaren da iska ba za ta kai tartsatsi ba, domin nailan ba ya jure ko ƙwayar wuta ɗaya. Duwatsun da aka ciro daga rafi ba a kewaye wuta da su, saboda ruwan da ke cikinsu yana iya tafasa ya fasa dutsen. Itacen da ya faɗi ya bushe ake tsinta, wanda bai wuce kaurin hannu ba, wanda ke karyewa ƙas ba sai da gatari ba. Ba a sare tsayayye, ba a kuma ɗauko itacen wuta daga wata jiha, domin ta haka ne ƙwarin da na ambata ke yin tafiya mai nisa.

Ana farawa da busasshen ganye da ƙirare sirara kamar tsintsiya, a bi da masu kaurin yatsa, sannan manya. Ƙaramar wuta ta wadatar. Hukumar gandun dajin Amurka tana cewa kusan kashi 85 cikin 100 na gobarar daji a ƙasar mutane ne sanadinta, kuma wutar masauki da aka bari ba mai tsaro tana cikin dalilan.

Me ake dafawa, kuma ta yaya?

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai tsire ya riga ya ga darasin: ba a kan harshen wuta yake jera tsinkensa ba, a gefen garwashi yake kafa su. Harshen wuta hayaƙi da baƙi yake sa wa abinci, garwashi ne ke gasawa. Don haka ana hura wuta minti 40 zuwa awa 1 kafin girki, a bar itace mai tauri ya cinye ya zama jan garwashi da farar toka a kansa. Abin da ƙirya da marke suke a wurinmu, itacen oak ne a dazukan Virginia. Itacen fayin (pine) kuwa mai ƙaro ne, yana kamawa da sauri amma ba ya barin garwashin kirki. Sai a ja garwashin gefe ɗaya da sanda don girki, a bar harshen a ɗaya gefen yana haifar da sabo. Idan ka iya riƙe tafin hannunka taƙi ɗaya sama da garwashi na daƙiƙa 4 zuwa 5 kafin ka janye, zafin ya yi daidai da gashin nama.

Abincin da na fi so a irin wannan dare ba shi da wuya. Tun a gida nake yanka naman sa falle-falle, in murje shi da garin ƙuli-ƙuli da yaji da citta da ɗan man gyaɗa, in daskarar da shi, ya narke a hankali a cikin jaka. Da isowar garwashi sai in fara binne dankali a cikin toka mai zafi, naɗe da takardar alminiyam, domin shi ne mai cin lokaci, kusan minti 45. Sannan in kafa tsinkaye a karkace, in riƙa juya su. Kitsen yana ɗiga ya yi cuu, ƙamshin gyaɗa ya tashi ya gauraya da na danshin ganye, albasar da na yanka a murfin tukunya tana jira. Masara ana gasa ta da ɓawonta bayan an jiƙa shi. A ƙarshe in ɗora 'yar buta a kan duwatsu uku, in jefa ganyen shayi da citta da kanumfari, in bar shi ya yi ta ɓararraka har taurari su cika tsakanin rassa. Mai son abin cokali yana iya yin dafa-duka a tukunya ɗaya, sai dai ya shafa sabulu a bayan tukunyar kafin ya ɗora, baƙin zai fita da sauƙi. Wayar firji ko ta shinge da aka shafa wa tutiya ba a gasa nama a kanta, domin hayaƙinta guba ne.

Nama ba zai lalace a hanya ba? Ruwan rafi fa?

Ɗanyen nama na daren farko ne kaɗai, kuma ya kasance da sanyin ƙanƙara har lokacin gashi. Kaza ta fi haɗari, sai cikinta ya kai digiri 74 na Selsiyas, a hasken wuta kuwa ido yana ruɗuwa, don haka a duba da tocila. Don rana ta biyu, kilishi da dabino da garin rogo da gyaɗa ba su da na biyu. Ruwan rafi, komai garai-garai ɗinsa, a tace shi ko a tafasa shi ya yi minti 1 yana tafarfasa. Wanke-wanke kuma a yi shi kamar mita 60 nesa da rafin.

Namun daji ba za su zo ba?

Beyar baƙa, wata babbar dabba mai gashi da farata, tana da yawa a tsaunukan nan. Galibi gudun mutum take yi, amma hancinta yana kai ta ga abinci daga nesa, kuma wadda ta saba da abincin mutane takan ƙare a hannun masu harbi. Saboda haka ba a kwana da komai mai ƙamshi, har man goge baki da turare da bawon dankali. Ana zuba su a jaka a rataye a reshe, mita 3 zuwa 4 daga ƙasa, nesa da gangar itacen da fiye da mita 1, can nesa da wurin barci, ko a sa su a gwangwani na musamman da beyar ba ta iya buɗewa. Akwai macizai masu dafi iri biyu a yankin, don haka ba a tafiya da dare ba tocila, kuma a zazzage takalmi da safe. Amma abin da na fi tsoro shi ne kaska, wadda wata ba ta fi ƙwayar riɗi ba, kuma tana ɗauke da cutar Lyme. A cusa ƙafar wando cikin safa, a duba jiki kafin barci da bayan an koma gida, a ga likita idan zazzaɓi ko jan zobe ya fito a fata.

Yaya salla take a irin wannan wuri?

Ana share wuri a ƙasa tun da rana a shimfiɗa darduma ko gefen tamfol. Daga Virginia alƙibla tana arewa maso gabas, kuma gara a tantance ta kafin duhu. A ɗebo ruwan alwala a buta a yi ta nesa da rafi, a kuma ajiye na asuba kusa da gado, domin sauka rafi da sanyin asuba cikin duhu ba abin wasa ba ne.

Yaya ake kashe wuta?

Ba a kwanciya a bar ta, ko da garwashi ne kawai ya rage, kuma hadisi ingantacce ya yi umarni da kashe wuta kafin barci. A daina ƙara itace awa 1 kafin kwanciya. A zuba ruwa har ƙarar ta daina, a juya toka da sanda, a sake zubawa, sannan a kusantar da bayan hannu. Idan akwai sauran ɗumi, ba ta mutu ba. Rufe ta da ƙasa kaɗai yana iya adana garwashi har gobe. Da safe a tsince takardar alminiyam da duk wani shara daga cikin tokar a tafi da su.

Za a iya yin haka a gida Najeriya?

Kwanan daji ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Fatake da mafarauta da makiyaya sun yi shi shekaru aru-aru, kuma gadon da ke ɗaga mutum sama da kunama da maciji zai yi amfani a ƙasarmu. Sai dai halin tsaro ya sauya lissafi. Ba zan ba kowa shawarar ya kwana a dazuka irin su Rugu ko Kamuku ko Sambisa ba. Wanda yake sha'awa ya nufi wurin da ke da hukuma da masu gadi, kamar Yankari a jihar Bauchi ko Gashaka-Gumti a Taraba da Adamawa, ya nemi izini, ya kwana inda suka nuna masa kaɗai, domin a Yankari akwai giwaye, kuma gwaggon birin da ke yawo a sansanin Wikki ya ƙware wajen wawushe abinci. Gidan sauro da ya rufe gadon har ƙasansa wajibi ne, saboda sauro yana cizo ta cikin siririn nailan. Da hunturu kuma, lokacin da ciyawa ta bushe ƙayau iska tana kaɗawa, a gasa naman a kurfoti, a ajiye bokitin ruwa a gefe. Mai son gwaji na farko ya sami mangwaro biyu ko darbejiya biyu a gonar gidansu, ya ɗaura da la'asar.